Kifin da Aka Sako a Kwana na Tara

A shekarar 1978 na fara ganinsa, ran wata Talata da hantsi. Na riƙe ranar domin Talata ce ranar awon masu juna biyu, layi har bakin baranda. Ina ɗakin awo na asibitin da na yi wa aiki shekara talatin da huɗu, kaina sunkuye a kan madubin da muke duba jini da shi, sai na ji ƙarnin teku ya cika ɗakin. Na ɗago. Wani siririn mutum ne a tsaye, hannun rigarsa ya yi fari da busasshen gishiri, yana rungume da kwano an kife masa faranti.

"Malam, mara lafiya na kawo."

"Ina katinsa?"

"Ba a yanka masa ba."

"To shi yana ina?"

Ya ɗaga farantin. Ɗan kifi ne bai fi yatsata ba, launinsa ruwan lemo, da farar ɗamara uku, ya kwanta ta gefe ɗaya yana haki.

Mu da muka yi makarantar mishan an raine mu a kan cewa kowane abu da muhallinsa: alƙalami a dama, rula a hagu, wasa a waje. Na ce masa nan asibitin mutane ne, ya kama gabansa. Bai yi musu ba. Ya fita ya zauna a ƙarshen bencin matan, yana ɗibar ruwan da kofi yana tsiyayawa daga sama don iska ta shiga. Matan suka yi ta tsokanarsa, har wata ta tambaye shi wata nawa ne cikin kifin. Ƙarfe biyu na fito zan tafi cin abinci, yana nan, hannunsa bai tsaya ba. Kunya ta kama ni, na ce ya shigo.

Shi ya kankaro ɗan yauƙi daga jikin kifin da gefen gilashi, a hankali kamar mai share wa jariri hawaye. Na ɗiga ruwan kwanon a kai, na sa a madubi. Ga wasu dunƙulallun halittu, kowace da siririn gashi kewaye da ita, suna juyawa a wuri ɗaya ba gaggawa. Na matsa na ce ya duba. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Shekara huɗu suna kashe mini kifi. Yau dai na ga fuskarsu."

Gishiri ake ce masa, yara kuwa Baba Gishiri. Mun yi shekara ashirin da uku muna abota, muka yi sha ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar hanya. Watan jiya ya rasu. Abin da ya shiga tsakaninmu nake so in rubuta, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Shi ne mai kula da gidan kifi na garinmu, wani tsohon gini kusa da tashar jiragen ruwa, inda 'yan makaranta da masu yawon Lahadi ke zuwa kallon kifayen teku. Tanki goma ne na gilashi jere da bango, sai babba guda a tsakiya, tsawonsa taku goma sha biyu, cike da duwatsun murjani masu rai da jatan lande da ƙaguwa da kifaye kala-kala. A bayan babban tankin akwai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, na mai aikin ne muddin yana aikin. Nan Gishiri yake zaune da matarsa mai ɗinki, da 'yarsu guda da Allah ya bar musu, suna ce mata Auta. Bangon ɗakin kwanansu yana gurnani dare da rana saboda injin iska. Matar takan ce in aka ɗauke wuta ne ma ba ta iya barci. Ban san Gishiri da gona ba, ban san shi da dangi a kusa ba. Gidan nan shi ne aikinsa, shi ne mazauninsa, in aka raba shi da shi ban san inda zai dosa ba.

Bayan waccan Talatar na shiga zuwa duk Asabar, da madubina a cikin akwatinsa na katako. Ni na koya masa sunayen cututtukan daga littafi. Shi ya koya mini ganinsu tun ba su fito ba. Zai tsaya gaban tanki, hannu a baya, ya ce, "Malam, dubi wancan mai rawaya. Me ka gani?"

"Kifi na gani."

"Karatun banza. Sau uku ke nan yana goga kumatunsa a dutse ɗaya. Dubi numfashinsa, ɓari guda kawai yake buɗewa."

Sai ya kamo shi ya tsoma a ruwan daɗi, marar gishiri, minti biyar ina riƙe da agogo. In tsutsa ce mai lafewa a fata, za ka ga tana yin fari tana zubowa gindin kwano kamar ɓawon riɗi. In ƙura ce, wadda ke sa kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gari, to sai gudu, domin kwana biyu take ba mutum. Amma wadda ya fi tsana ita ce farin ɗigo, wadda muka gani ranar farko. Yakan ce ita ce munafukar cikinsu. Ɗige-ɗige ne farare kamar ƙwayar gishiri. Su yi kwanaki a jikin kifi, sai wata safiya ka tashi babu ko ɗaya, ka ce Allah ya kawo sauƙi. Alhali sauka suka yi gindin tanki, kowanne ya rufe kansa ya haihu ɗaruruwa, bayan mako ɗaya ko biyu su taso gaba ɗaya. Wasu kuma suna ɓoye a ƙarƙashin kumatu, inda kifi ke numfashi, ido ba ya kaiwa can.

Maganinta ruwan tagulla ne, shi kuma ba ya yafiya. Ya yi kaɗan, cutar ta yi dariya. Ya yi yawa, kifi ya mutu. Safe da yamma sai an ɗebi ruwa a kwalba, an ɗiga sinadari, an gwada launinsa da na jikin kati. Kuma ba a zuba shi a babban tanki, domin zai kashe murjani da jatan lande, duwatsu kuma su shanye saura. Saboda haka Gishiri ya ware wani ƙaramin ɗaki a can baya, da tankuna uku tsirara, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututu don kifi ya sami wurin ɓuya. Kurkuku yake ce wa ɗakin. Duk kifin da ya shigo gidan, ko daga hannun wa ya fito, sai ya yi kwana arba'in a ciki. Ragar kurkuku daban, bokitinsa daban. Ya taɓa mayar da Manajan gidan daga bakin ƙofa don ya ga hannunsa a jiƙe.

A 1985 kwamitin gidan ya mai da abin doka. Aka buga wa kowane kifi kati, aka ce kifi ba ya fita daga kurkuku sai da sa hannuna. Aka ba ni makulli. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ba ni da mota, ban gina bene ba. Abin da nake taƙama da shi guda ne: a asibiti da gidan kifi, ba a taɓa dawo mini da takardar da na sa wa hannu an ce na yi kuskure ba.

A babban tankin akwai wata da muke ce wa Tsohuwa, irin kifin nan mai kumbura in ransa ya ɓaci. Girmanta ya kai tulun shayi, idanunta kamar na mutum. Shekararta goma sha tara a gidan. Ta san takun Gishiri, in ya sa hannu sai ta zo ta kwanta a tafinsa. Matarsa takan leƙo daga bayan keken ɗinki ta ce, "Malam, ka gaida surukata kuwa? Yau tun safe take kumbure-kumbure, wai ban iya kula da ɗanta ba."

"Ke dai kishi kike da ladabin da nake mata," in ji Gishiri.

"Ladabi? Mutumin da bai san ranar da aka haifi 'yarsa ba, amma ya san ranar da kifi ya yi zawo!"

Mace ce mai dariya da dukan jikinta. A farkon 2001 ta fara ramewa. Ni na auna jininta. Na san abin da na gani, kuma ban gaya wa Gishiri duka ba. Na ce masa jini ne ya yi ƙasa, a ci gaba da magani.

A watan Mayu na shekarar wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo wa gidan kyautar kifi guda, shuɗi kamar an rina shi, wutsiyarsa rawaya. Aka sa shi kurkuku ran Litinin. A kwana na uku ɗige-ɗige suka fito. Na duba, farin ɗigo ne, muka fara tagulla. A kwana na takwas na koma, domin da yamma zan yi tafiyar mako biyu ganin jikan da aka haifa mini. Kifin ya yi fes, ko ɗigo ɗaya babu, yana ta zagaya. Na kankari yauƙinsa, madubi bai nuna kome ba.

"Kada ya ruɗe ka," na ce.

"Ni za ka gaya wa? Malam, ni na koya maka wannan karatun."

"Na dai faɗa."

"Ka gaida jikan. In ya ɗauko hancinka, ka ba uwarsa haƙuri."

Washegari da safe matarsa ta faɗi a tsakar gida. Likita ya ce a ranar za a wuce da ita babban asibiti, tafiyar yini guda a mota, kuma kada a sa ran dawowa da wuri. Abin da ya biyo baya daga bakin Gishiri na ji shi, sau ɗaya tak. Ya ruga gidana ko Allah ya sa ban tafi ba, ya tarar da kwaɗo. Ya dawo ya tsaya a kurkuku. Wadda zai bar wa gidan ita ce Inna mai shara, dattijuwa mai amana, ta iya ba kifi abinci, amma idonta ba ya raba launin kati. Manaja kuwa bai san inda kwalbar take ba. Ga injin iskan kurkuku tsoho, duk ɗauke wuta sai an buga masa hannu kafin ya tashi. Babban tanki shi ke da janareto. In ya bar shuɗin kifin a kurkuku, mutuwarsa ba shakka. In ya sake shi a babban tanki, wataƙila. Mota tana jira a waje, direba yana danna oda, Auta tana kiransa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai bai taɓa barin kifi ya mutu da saninsa ba, ya kasa farawa a ranar. Ya sa raga ya ɗauko shi.

Na dawo ran wata Litinin da yamma. Da gari ya waye Inna tana ƙofar gidana.

"Malam, kifin nan ƙaiƙayi suke ji. Sai soshe-soshe suke a jikin duwatsu. Jiya na kwashe uku, yau biyar."

Da na shiga zauren, tun daga nesa na hango shi, shuɗi, yana yawo a tsakiyar babban tanki. Na matsa kusa da gilashin. Sauran kuwa kamar an watsa musu gishiri. Wasu sun taru a bakin bututun iska suna haki, wasu sun kwanta a yashi. Tsohuwa tana wani lungu, idanunta sun yi hazo.

Na ɗauki hutu a asibiti. Na sa aka rufe gidan, aka kira leburori huɗu daga tasha. Ba yadda za a kama kifi a cikin duwatsu, sai da muka fitar da dutse ɗaya-ɗaya, ginin da Gishiri ya yi shekara da shekaru yana jerawa. Tankunan kurkuku uku ba su isa ba, muka haɗa da baho da durom na roba, muka jera har baranda, kowanne da kwalbarsa da katinsa. Ina awo safe da yamma, ina rubutawa. Kowace safiya Inna takan riga ni zuwa, ta kwashe na kwashewa ta rufe bokiti da tsumma don kada in fara da ganinsu.

A rana ta huɗu da azahar Gishiri ya shigo. Auta tana bayansa, rungume da jakar uwarta. Ban tambaya ba, ganin jakar ya ishe ni. A can suka binne ta.

Ya tsaya ya dubi babban tankin, ruwa ya yi rabi, ba kifi ko ɗaya. Ya dubi duwatsun a zube cikin bahuna. Na matso zan yi masa ta'aziyya, ya ɗaga mini hannu.

"Tana ina?"

Na nuna masa durom na ƙarshe. Ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa. Tsohuwa ba ta gani a lokacin, amma ta taso a karkace, ta lalubo tafinsa ta kwanta. Ya zauna a haka har la'asar. Ba ta kai magariba ba. Da ya fito da ita bai yi kuka ba, sai ya ce da ni, "Malam, ko kumbura ba ta yi mini ba."

Kifi sittin da uku ne a babban tankin. Bakwai suka tsira. Shuɗin yana cikinsu, shi ko atishawa bai yi ba. Tankin kuma dole a bar shi ba kifi kwana saba'in da shida, har cutar ta mutu da yunwa. 'Yan makaranta suka riƙa zuwa suna manna fuska a gilashi, suna tambayar ina kifin suka tafi.

Kwamiti ya sa ranar zama. Ana jibi Inna ta ja ni gefe, ta ce tana share ofis ta ji Manaja yana faɗa wa mai buga takardu abin da zai rubuta: takardar sallama ce, da wa'adin mako biyu a kwashe kaya daga ɗakunan. Auta tana ajin ƙarshe a sakandare, saura wata biyar jarrabawa. Keken ɗinkin uwarta yana nan da zare a allura.

Na ɗauko katin shuɗin kifin daga kurkuku na koma gida da shi. Na zauna a tebur na ɗauki alƙalami. A makarantar mishan akwai wata Sista da takan bi layi tana duba kwanan watan da muka rubuta a saman shafi, in ka yi kuskure ta sa ka sake shafin gaba ɗaya. Tun daga lokacin ban taɓa rubuta ranar da ba ita ba. Na rubuta kwanan watan ranar tafiyata, na rubuta "Ya warke, a sake shi," na sa hannu, na busar da tawadar.

Mutum biyar ne a zaman, da Shugaba a tsakiya, wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai son dogon Turanci. Gishiri yana tsaye bakin ƙofa, hularsa a hannu. Shugaba ya tambaye shi wa ya ba shi izinin sakin kifi a kwana na tara.

"Ranka ya daɗe, babu wanda..."

"Ni ne," na ce. Na miƙa katin. "Na duba a madubi ban ga kome ba, na ɗauka ya warke. Umarnina ya bi."

"Malam!" in ji Gishiri. "Ranka ya daɗe, wallahi ba..."

Na juya na daka masa tsawa irin wadda ban taɓa yi wa ko ɗana ba. "Rufe mini baki! Kai me ka sani a aikin madubi? Ina magana kana magana?"

Ya matse hularsa a hannu. Har yau ina ganin yadda ya dube ni.

Shugaba ya juya katin gaba da baya. Ya ce, "Malam, ashe ido ya tsufa ba ka gaya mana ba." Wani ya yi 'yar dariya. Suka ce sun gode da hidimar shekaru, in ajiye makulli a kan tebur. Na ajiye. Gishiri aka ja masa kunne, aka bar shi a aikinsa.

Ya biyo ni har bakin titi.

"Malam, me ka yi haka?"

"Abin da na yi na yi. Kada in ƙara jin maganar nan a bakinka. Koma, lokacin awo ya yi."

A nan ya kamata labarin ya yi kyau, amma bai yi ba, kuma laifina ne. Garinmu ba shi da girma. Maganar ta isa asibiti kafin mako ya zagayo. Wani matashin likita ya fara aika jinin da na auna a sake aunawa a wani wuri. Abokan aiki suka riƙa tambayata lafiyar kifi suna ƙunshe dariya. Shekara ɗaya ta rage mini in yi ritaya, na yi ta kamar mai tafiya a kan ƙaya. Na yi kyauta, sai na zauna ina jin zafinta. Duk sanda na tuna Gishiri, ba hawayensa nake tunawa ba, dariyar nan ta ɗakin kwamiti nake ji.

Sau uku ya zo gidana. Na farko na karɓe shi a tsaye. Na biyu ya ce an mayar da kifi babban tanki, ko zan zo in gani. Na ce ai ni idona ya tsufa. Na uku ya zauna a baranda kusan awa guda, muka yi zancen zafi da tsadar kaya, ya buɗe baki zai faɗi wani abu, na duba agogo. Bai sake zuwa ba. Ni kuma na daina bin titin tasha. Na tabbata duk wanda ke aiki a gidan nan ya san ni da suna guda: tsohon da ya kashe babban tanki. In muka haɗu a kasuwa sai ya cire hula, "Malam, ina gajiya?" In ce, "Ba gajiya. Ya kifi?" Ya ce, "Suna gaisuwa." Shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya.

Na ga yana tsufa daga nesa. Na ji Auta ta ci jarrabawa, ta yi karatun jinya, ta yi aure. Na aika da saƙo, ban je ba. Watan jiya ta aiko mini cewa an tarar da shi da safe a kurkuku, zaune a kan kujera, ya jingina da bango, kwalbar awo a cinyarsa.

Dole na je gaisuwa, kuma ba hanyar shiga ɗakunan sai ta zauren. Na sa hula na ja ta har gira, na shiga da sandata ina kallon ƙasa. Ban kai rabi ba wata mata mai farar riga ta tare ni. Likitar dabbobi ce, ashe shekara shida ke nan da gidan ya ɗauke ta.

"Baba, sannu da zuwa. Don Allah, ba kai ne Malam mai madubi ba?"

Na ce ni ne, na gyara tsayuwa ina jiran abin da zai biyo baya.

Ta juya ta ƙwala kira. Ma'aikata suka fito, mai tikiti, da mai gyaran injin, da mata biyu masu ba da abinci, ban san ko ɗaya ba. Suka zagaye ni suna gaisuwa, har da mai durƙusawa. Na rasa abin yi da hannuna.

"Ku yi haƙuri," na ce, "ina jin kun ɗauke ni wani ne."

"A'a, Baba," in ji likitar. "Ai da labarinka ake fara aiki a gidan nan. Duk wanda aka ɗauka, ranar farko ba a ba shi ko tsintsiya sai Baba Gishiri ya kawo shi nan, daidai inda kake tsaye. Ni da digirina haka ya tsayar da ni."

"Ya ce muku me?"

Mai gyaran injin ne ya amsa, yana kwaikwayon muryarsa, hannu a baya. "'Ka ga tankin nan? Ni na kashe shi. Kifi hamsin da shida, da hannun nan. Na saki kifi a kwana na tara. Malam ya ce kada ya ruɗe ni, na ƙi ji. Katin da ke ofis ƙarya ne, Malam ya rubuta don kada a kore ni da yarinya marar uwa. Idon Malam bai taɓa kuskure ba. Maimaita.'"

"Sai ka maimaita?"

"Sai ka maimaita mana, Baba. In ka tsallake kalma a sake daga farko."

Suka yi dariya, wasu suna share ido. Likitar ta ce Manajan yanzu ma sai da ya maimaita, kuma 'yan tsohon kwamitin ma, Gishiri ya bi su gida-gida ya gaya musu, tun shekarar da Auta ta gama makaranta. Sun ce magana ta wuce, ba wanda ya ga dalilin tayar da ita.

Na nemi wurin zama. Aka kawo kujera aka ajiye mini gaban gilashin. Auta ta fito daga ciki, ta durƙusa a gefena, fuskar uwarta sak. Na yi mata gaisuwa yadda ta samu. Sannan na tambaye ta abin da ke cina.

"'Yata, shekara goma yana wannan, me ya hana shi gaya mini?"

"Na sha tambayarsa, Baba. Sai ya ce kai ka ce kada ka ƙara jin maganar a bakinsa." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Ya ce bai taɓa saɓa maka ba sai sau ɗaya, kuma ya ga abin da ya biyo baya."